Ƙosan Man Layya: Shafi na 23

"Nani, ke da kika ce ba kya cin nama, me ya sa kike cin ƙosan Ummi? Ai da man naman Sallah take soyawa."

Da Turanci Muhsinat ta yi tambayar, tar da ita, irin Turancin 'yan makarantar Dubai da ba ya barin kowa cikin kokwanto. Tana zaune a ƙasa tsakanin ƙafafun tsohuwar maƙwabciyarsu Ba'indiya, wadda take kira Nani, wato kaka, ana shafa mata man kwakwa a ka, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Shigowar Ummulkhair ke nan daga duty ɗin asibiti, ta zo ɗaukar 'yarta, ko jakar kafaɗarta ba ta sauke ba.

Hannun Nani Sarla ya tsaya cak a tsakiyar kan yarinyar.

Ga abin da Indiyawa ke kira dabba nan a kan tebur a buɗe, kwanon silban nan mai hawa-hawa da suke musayar abinci a cikinsa. Jiya Nani ta aiko shi da gurasarsu mai ganye, yau da safe Ummulkhair ta mayar da shi cike da ƙosai, don su ma Indiyawa kamar mu ne, ba sa mayar da kwano haka nan. Ƙwaya biyu kawai suka rage a ciki.

"Me ta ce?"

Hetal ce, 'yar Nani tilo, ta fito daga kicin riƙe da tiren shayi.

"Shirmen yara ne kawai..." Ummulkhair ta fara.

"Ba shirme ba ne, Ummi." Muhsinat ta waigo, ta koma Hausa sannan ta sake maimaitawa da Turanci don kowa ya amfana. "Wanda yake cikin roba mai jan murfi. Ke kika ce wa Abbi ya fi sabon mai ƙamshi."



Nani ta ƙarasa raba gashin gida biyu, ta tufke, ta ɗaura ribbon, ba ta yi gaggawa ba. Sai da ta gama tsaf sannan ta dafa kafaɗar yarinyar.

"Beti, 'yata, shiga ɗakina ki kunna cartoon. Ki ja ƙofar."

"Ban gama shan madarata ba."

"Tafi da ita."

Ƙofar na rufuwa Hetal ta dire tiren har shayin ya fallatsa.

"Ummu, dube ni. Gaskiya yarinyar nan ta faɗa?"

"Hetal, don Allah ki tsaya in yi miki bayani..."

"E ko a'a?"

"E."

"Naman me?"

Da ƙasa za ta tsage da Ummulkhair ta shige. Da rago ne ma da sauƙi, don su saniya tamkar uwa suke ɗaukarta. Bana mijinta Zainul Abideen da abokan aikinsa na Jebel Ali haɗuwa suka yi suka yanka sa.

"Na sa ne," ta faɗa da ƙyar.

Hetal ta ɗora hannu biyu a ka. "Hey Bhagwan! Saniya? Saniya, Ummu?"

"Wallahi tallahi ban yi da niyya ba. Ba na sa ƙwai, ba na sa dunƙulen kaza, ko kifi ban taɓa bari ya kusanci ƙullun ba. Man ne kawai ban..."

"Man ne kawai!"

To wace Bahaushiya ce ke zubar da man suya? Tun tasowarta a Gwammaja haka ta ga mahaifiyarta tana yi: a gama suyar layya, a tace man, a adana, a yi ta cin daɗinsa a wake da shinkafa da miyar kuka har wata ya zagayo. A kanta nama shi ne abin da ake taunawa. Mai kuwa mai ne. Ko sau ɗaya tunaninta bai taɓa haɗa robar nan da bakin Nani ba.

"Tun yaushe?" Hetal ta tambaya.

"Tun bayan Sallah."

Hetal ta yi wata dariya mai ciwo, idonta ya kawo ruwa.

"Kin san wace ce wannan da ke zaune a gabanki? Mummy ta haura saba'in, ko ƙwai bai taɓa shiga bakinta ba. Ranar da za mu zo Dubai da abincinta ta hau jirgi, ta ƙi taɓa na jirgin don ba ta san kicin ɗin da aka dafa ba. Bikin ɗan ƙanenta da ya auri 'yar masu cin kifi, ruwa kawai ta sha ta dawo gida."

"Hetal," Nani ta kira a hankali.

"A'a Mummy, bari ta ji. Ta ɗauka kowa kike ci wa abinci." Ta juyo. "A duk duniya kicin ɗin da ake dafa nama Mummy ta yarda ta ci abin da ya fito daga cikinsa, naki ne kaɗai. Naki! Na hana ta, ta ce ke 'yarta ce, ba za ki cuce ta ba. Mijina Jignesh ma bai sani ba. Sai ya tafi shago take ci, ta wanke kwanon da kanta ta ɓoye. Ni nake rufa mata asiri."

Wannan kam Ummulkhair ba ta taɓa sani ba. Ita dai tana ganin kwano na dawowa, ana ce mata ƙosai ya yi daɗi, a ƙara attaruhu. Ashe ɓoyewa tsohuwa take yi kamar mai sata, don kawai kada ta ji an ƙi abin hannunta.

Ta durƙusa a kan kafet.

"Ki faɗa min," Hetal ta ci gaba, "sau nawa Mummy ta ba wa 'yarki abin da addininku ya hana? Ko alewa za ta saya mata sai ta sa tabarau ta karanta bayan leda, in ba ta gane ba ta ɗauki hoto ta tura miki. Abincin da muka ajiye a gaban abin bautarmu, jikokinta na ci, amma ba ta taɓa ba wa Muhsinat ba. Ranar bikinmu yarinyar nan har kuka ta yi a ɗiga mata ja a goshi, Mummy ta ce a'a, sai an tambayi uwarta. In an kira sallah a masallacin ƙasa, wa ke kashe talabijin ya ce ta je ta yi? Ita ta kiyaye miki naki. Ke me ya hana ki kiyaye mata nata?"

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, abin da ya fi yi wa Ummulkhair ciwo ke nan. Hawaye kawai take yi.

"Ya isa," in ji Nani.

Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta shiga banɗaki. Suna jin ƙarar ruwa, suna jin tana kurkure baki, ta sake, ta kuma sakewa. Da ta fito fuskarta a jiƙe, ta tsaya a kan Ummulkhair.

"Beti, tambaya ɗaya zan yi miki."

"Na'am, Nani."

"Da kike zuba man a kasko, kin tuna da ni kika zuba, ko mantawa kika yi?"

"Na rantse da Allahn da ya halicce ni, Nani, ban taɓa kawowa a raina ba. Da na tuna, da gara in zubar da shi duka."

Nani ta kaɗa kai irin nasu, dama da hagu a hankali. Shekarun da Ummulkhair ta yi a ginin nan ta iya karanta kaɗa kan nan, ta san na "to", ta san na "babu komai". Na yau ta kasa gane ko wanne ne.

"Ɗauki yarinya ku je gida. Ta ci abincin rana sosai, tuffa ce kawai ta ƙi."

"Nani, ki yafe..."

"Kuma kada ki dake ta. Gaskiya ta faɗa."

*

Suna shiga flat ɗinsu Muhsinat ta rakuɓe a jikin kujera tana kallon uwarta.

"Ummi, laifi na yi?"

Hannun Ummulkhair har ƙaiƙayi yake yi, amma ta haɗiye. Ta jawo ta jikinta, ƙamshin man kwakwa ya cika mata hanci.

"Ba ki yi ba. Ni na yi."

"To me ya sa Anti Hetal take ihu?"

"Je ki cire kayan nan ki yi wanka."

Bayan magariba Zainul ya shigo a gajiye, ya baro motar kamfani da cunkoson hanyar Jebel Ali. Tana ba shi labari ya fara ƙunshe dariya.

"Ke da kika haddace finafinan Indiya tun kina firamare? Ai na ɗauka ko limancinsu za ki iya ja."

"Abban Muhsinat, wallahi ba abin dariya ba ne."

"To ai ba guba kika ba ta ba, habibti. Ƙosai ne. Kuma ta ce ya yi daɗi."

"Ka ɗauka kai ne. Wanda ka yarda da shi ya yi ta ba ka abinci kana ci kana santi, rana ɗaya ka ji da man alade ake soyawa."

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye cokalin.

"A'uzubillahi."

"To haka take ji yanzu. Ko fiye."

Ya shafa gemu ya ce, "Da kin ce musu yarinya ce ba ta gane ba. Wa zai zo ya binciki kicin ɗinki?"

"In ƙaryata 'yata a gabanta alhali gaskiya ta faɗa? Gobe da wane baki zan ce mata kada ta yi ƙarya?"

"To yanzu wa zai riƙe ta? Makaranta na hutu, ke kina asibiti, ni ina fita tun asuba."

Tun a falon Nani tambayar ke cin ta.

"Mai aiki kin ce har abada," ya ci gaba.

"Bayan waccan da ta kulle min yarinya a ɗaki ta tafi yawonta? Ko a mafarki."

"Wuraren renon nan kuma ba sa jiran mai duty ɗin yamma." Ya gyara zama, ya ƙi haɗa ido da ita. "Ummu, kin san dai Hajiyata ta daɗe tana magana."

Ta san inda za a je.

"Ko shekaranjiya sai da ta sake ce min a kai mata takwararta Kano ta yi Islamiyya, ta ji Hausa sosai. Cewa take jikarta ta koma 'yar Indiya, ana tambayarta tana kaɗa kai. Ni nake ta kare ki da cewa yarinya na hannu nagari. Yanzu in hannun ya saki, me zan ce mata?"

"Shekararta biyar fa."

"Ni ina da nawa aka kai ni wurin kakata?"

"Kai ne. Ni 'yata ba za ta kwana wata ƙasa ina wata ba."

"To ki ajiye aikin."

"Ka san da wahalar da na samu lasisin nan."

"Ɗaya dai za a yi, Ummu. Ba faɗa nake yi ba, lissafin ne haka."

Kafin ta buɗe baki suka ji ƙarar tukwane ta bango, ana ta fito da su ana tarawa. Sai muryar namiji ta biyo baya, sama-sama, da yarensu. Suka dubi juna. Tunda suka tare a ginin nan ba su taɓa jin Jignesh ya ɗaga murya ba, mutumin da ko a lift ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri.

"Ya ji ke nan," in ji Zainul.

Ummulkhair ta tashi ta shiga kicin. Ta ɗauko robar mai jan murfi, ta naɗe ta a leda biyu, ta fita da ita har wurin zubar da shara. Ko da ta dawo ba ta ji sauƙin komai ba.

*

Da safe ta kira shugabar nas-nas ta roƙi hutun kwana ɗaya, aka ce mata mutum biyu ba su da lafiya, khalas, magana ta ƙare, ta zo kawai. Ta kira ƙawarta Zalika, 'yar Nijar mai shagon jakunkuna a kasuwar Naif.

"Kawo ta mana, ma chérie, yau ɗaya dai. Amma kin san shagona, ko ni da ƙyar nake juyawa, ga masu cargo na shige da fice. Gobe kuma ina da kaya a sito."

Yau ɗaya. Ta karɓa da godiya.

Ta shirya Muhsinat, ta zuba mata abinci da ruwa, suka fito. Tana sunkuye tana neman makulli a jaka, ɗagowar da za ta yi sai ta ga yarinya ta riga ta tsallaka, ta yi ɗage ta danna ƙararrawar Nani kamar kullum.

"Muhsinat! Zo nan!"

Ina, an riga an buɗe.

Nani ce da kanta, cikin farin sari, gashinta da danshin wanka. Dare ɗaya fuskarta ta faɗa.

"Nani, kalli, ribbon ɗina bai kwance ba!"

"Na gani, beti."

Ummulkhair ta ƙaraso ta gaishe ta. Idon aikinta ya riga bakinta: leɓen tsohuwar a bushe, hannun da ta dafa ƙofa da shi yana karkarwa.

"Nani, kin karya kuwa?"

Hetal ce ta amsa daga bayanta, muryarta a dishe. "Tun jiya ko ruwa. Ta ce azumin tsarki za ta yi, kwana uku."

"Kwana uku? Da ciwon sugan? Nani, kin sha maganin safe?"

"Na sha."

"Innalillahi! Kin sha magani ba ki ci komai ba? Sugan zai faɗi ƙasa warwas! Hetal, ina abin gwajin? Ko ruwan dabino ne a ba ta, don girman Allah!"

"Tun asuba nake roƙonta."

Nani ta ɗaga hannu. "Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ku bar shi. Ba fushi nake yi da ke ba, beti, bakina nake wankewa." Ta dubi jakar bayan Muhsinat, ta dubi kayan aikin da ke jikin uwar. "Ina za ki kai ta?"

"Naif. Shagon ƙawata."

"Naif? A zafin nan? Cikin 'yan dako da ƙura?" Ta tsuke fuska, nan take ta koma Nanin da aka sani. "Kin haukace? Yarinya mai saurin haɓo? Kawo ta nan."

"Nani, bayan abin da na..."

"Ita ta soya? Kawo min jikata, ki wuce aikinki kada ki makara."

Matar da ta kwana da yunwa saboda Ummulkhair, ita ce ke tsaye tana yi mata faɗan zafin rana.

"Mummy-ji."

Jignesh ne ya fito daga ciki, sanye da kayan fita, wayarsa a hannu. Ya haɗa tafukansa biyu ya gaida Ummulkhair kamar yadda ya saba, bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Da ma ihu ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Sister, ban ce kin yi da gangan ba. Na san ba haka kike ba. Amma gidana ne, kuma jiya na gane an daɗe ana ɓoye min abu a cikinsa." Ya juya ga surukarsa cikin ladabi. "Mummy-ji, da sunana aka yi miki visa, amanarki a wuyana take. In kin faɗi a nan, me zan ce wa 'yan uwanki? Na faɗa jiya, zan maimaita a gabanta don kada a ce na yi a ɓoye. Tsakaninmu da gidansu gaisuwa ce kawai daga yau. In yarinyar nan ta tsallako ƙofar nan, yau zan yanka miki tikitin Rajkot, ki koma Indiya wurin ɗan'uwanki."

"Jignesh!" Hetal ta kama hannunsa. "Wa zai kula da ita a can? Matarsa ko magana ba ta yi mata!"

Bai dube ta ba.

Nani ma ba ta dube shi ba. Ta miƙa hannu tana jiran na yarinyar.

"Beti, na ce kawo ta."

Wayar Ummulkhair ta hau ruri a cikin jaka, asibiti ne. In ta saki hannun Muhsinat, ta jawo an kori tsohuwar da ta riƙe mata 'ya kamar ta cikinta. In ta ja ta suka tafi, gobe ba ta da inda za ta kai ta, kuma ta san kafin sati ya ƙare Zainul zai kira Hajiya.

Muhsinat kuwa ba ta san ana yi ba. Ta zame hannunta, ta tsuguna ta cire takalmanta, ta jera su a gefen ƙofa kusa da na Nani. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, sai ta ga duk manya sun zuba mata ido. Ta tsaya a haka, ta waigo.

"Ummi, in shiga?"

*

Masu shirin zagin Hetal da mijinta a comment, ku dakata tukuna, ku fara tambayar kanku abin da za ku yi da uwarku ce. Ke kuma 'yar'uwa da ke zaune da maƙwabtan da ba addininku ɗaya ba, ko a Deira kike ko a Sabon Gari, kada ki kuskura ki zuba musu abinci da "ai babu nama a ciki". Ki tambaye su tun daga mai har kasko har cokalin juyawa. Kyakkyawar niyya ba ta fito da abin da ya riga ya shiga cikin mutum.